Yadda Masu Abinci a Kumasi Za Su Kai Buƙatarsu Inda Ake Yanke Shawara

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu waakye, masu tuwon zafi, masu koko da ƙosai, da masu gidajen abinci na Aboabo, Sawaba, Asawase da Tafo. An ƙara mana kuɗin lasisi ba wanda ya shawarce mu, tankas (ma'aikatan tsaftar muhalli) sun matsa mana, gas da gawayi sun yi tsada, to wa za mu gaya wa, kuma ta wace hanya? Wasu kukun otal-otal ma suna tambayar yadda za su sa baki a dokokin da suka shafi abinci. Ga matakan a jere. Jerin yana da muhimmanci, domin mafi yawan koke-koken da suka mutu a hanya an tsallake mataki na biyu ne ko na shida.

1. Ku tsayar da buƙata ɗaya

Ku zauna, kowa ya faɗi abin da ke cin masa rai, a rubuta duka. Daga nan a zaɓi ɗaya tak, wadda ta shafi mafi yawanku kuma akwai ofishin da ke da ikon cewa "an yi". Tsadar rayuwa ba buƙata ba ce, kuka ne. Buƙata ita ce irin wannan: a raba kuɗin lasisi gida-gida, kada mai tebur ɗaya a bakin titi ta biya daidai da mai kujera talatin. Ko a riƙa zuwa unguwa ana yi wa masu abinci gwajin lafiya a rana ɗaya maimakon kowa ta rufe sana'a ta tafi layi. Ko a ajiye kwantenar shara kusa da inda kuke dafuwa, a riƙa kwashe ta a ranaku sanannu.

Ku dubi masu dafa wa 'yan makaranta abinci. Shekaru ana biyan su pesewa 97 kan kowane yaro. Sun ajiye aiki a 2022, suka sake ajiyewa a 2023, kuma babbar buƙatarsu ita ce a ƙara kuɗin kowane yaro. Kuɗin ya koma sidi 1.20 a 2023, ya kai 1.50 a 2024, sannan sidi 2 a kasafin 2025. Ba su sami sidi 3.50 ɗin da suka nema ba, kuma abin ya ci shekaru, amma ya motsa.

Hattara: kada ku cusa buƙatu bakwai a takarda ɗaya don kowa ya ji an sa tasa. Jami'i zai zaɓi mafi sauƙi a ciki ya amsa, ya ce ya saurare ku.

2. Ku gane ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Nan ne ake yawan ɓata. Har yau a Aboabo idan aka ga masu karɓar kuɗi sai a ce "KMA sun zo", alhali tun 2012 aka cire Asokore Mampong daga KMA, wato hukumar birnin Kumasi, ta zama asambuli (ƙaramar hukuma) mai cin gashin kanta, kuma Aboabo, Sawaba da Asawase a ƙarƙashinta suke. A 2018 an sake cire Tafo, Suame, Kwadaso, Oforikrom da Asokwa. Mai sana'a a Kejetia ko Adum ita ce ke hannun KMA. Ku ɗauko rasit ɗin da aka ba ku na ƙarshe, ku karanta sunan da ke samansa. Wannan ita ce asambulinku, kuma takardar da aka kai wa wata asambulin ba ta dawowa da amsa.

Asambuli ce ke da kuɗin lasisin gudanar da sana'a, tikitin kasuwa, shara, magudanan ruwa, wurin kafa rumfa ko kwantena, da takardar gwajin lafiyar masu abinci, wadda ke hannun sashen tsaftar muhalli, wato ofishin tankas. Dokar da take aiki da ita ita ce Dokar Mulkin Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, kuma dokar ta ba mazauna yanki damar kai koke da sa baki a shirin kasafi.

Hukumar abinci da magunguna, FDA, ita ke ba da takardar tsaftar gidan abinci, a ƙarƙashin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, kuma tana da ofishi a Kumasi. Hukumar yawon buɗe ido, GTA, ita ke yi wa gidajen abinci rajista, ita ke kula da harajin kashi 1 cikin ɗari da ake ɗora wa mai ci. Harajin kuɗin shiga da VAT na hukumar tara haraji ne, wato GRA. Farashin wuta da ruwa hukumar PURC ke tsayarwa, ba kamfanin wuta na ECG ba, don haka zagin mai karanta mita ɓata yawu ne. Gas na hannun hukumar man fetur, NPA.

Abin da ya shafi shigo da shinkafa, kaji ko man girki kuwa ya wuce Kumasi gaba ɗaya, maganar ma'aikatar ciniki ce da majalisar dokoki a Accra. A ƙarshen 2023 ministan ciniki na lokacin, K.T. Hammond, ya nemi shigar da dokar taƙaita shigo da kaya 22, ciki har da shinkafa, kaji da kayan ciki. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka yi ca, 'yan majalisa suka ƙi, aka jingine maganar. Ko kuna goyon bayan irin wannan doka ko ba ku so, tukunyarku ce za ta fara jin ta.

Hattara: ɗan majalisar tarayya yana zama a asambuli amma ba shi da ƙuri'a a cikinta. Idan maganar kuɗin lasisi ce, asambuliman ɗin unguwarku, wato wakilinku a asambuli, ya fi shi amfani, duk da bai kai shi girman mota ba.

3. Ku fara gyara naku

Kafin a buga ko da harafi ɗaya, duk wanda zai sa hannu ya duba takardunsa: lasisin bana, katin gwajin lafiya nasa da na yaran da ke taya shi, takardar FDA idan gidan abinci ne. A gyara wurin wanke hannu, a rufe abinci, a yashe kwatar da ke gefen murhu. Ranar da kuka kai koke, ranar aka san sunanku da inda kuke, kuma ba abin mamaki ba ne a ga saman-saman, wato tankas, sun leƙo cikin makon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda takardunsa ba su cika ba kada a kore shi daga tafiyar, amma kada a sa shi a gaba. Ya taimaka da kuɗin mota da tara hujja har ya kammala.

4. Ku zama ƙungiya, ko ƙarama ce

Mutum goma zuwa ashirin masu zuwa taro sun fi ɗari biyu da ke cikin zauren WhatsApp suna tura addu'o'in safiya. Ku zaɓi shugaba, magatakarda da ma'aji. Magatakarda ya zama mai iya rubuta Turanci, ko ɗan ɗaya daga cikinku ne da ya gama sakandare. Ma'aji kuwa kada ta zama ita ce shugaba, kuma kada ta zama 'yar'uwar shugaba.

Zangon Kumasi ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Wangara, Fulani, ga kuma maƙwabta Asante masu fufu da banku da kuɗin lasisi ɗaya ke cizon ku tare. Ku jawo su. Takardar da ta zo da sunayen ƙabilu daban-daban ba a iya kiran ta "maganar 'yan Zango" a ture gefe. Mahauta da masu tsire ma a neme su, domin suna da sarkinsu da tsarinsu tun da daɗewa, kuma sun saba hulɗa da hukuma.

Don kai koke asambuli ba dole sai kun yi rajista ba. Suna, jerin membobi da lambar waya ɗaya sun isa. Idan tafiya ta yi nisa har kuna son buɗe asusun banki ko karɓar tallafi, sai ku je ofishin rajistar kamfanoni ku yi rajistar ƙungiyar da ba ta neman riba. Ku tambayi kuɗin a ofishin da kanku, ku karɓi rasit, kada ku bi ta hannun 'yan tsaye a bakin ƙofa. Akwai kuma ƙungiyoyi na ƙasa da suka riga ku: ƙungiyar masu abincin gargajiya ta Gana, ƙungiyar kukun Gana, da GHATOF da ke tattara masu harkar baƙi da abinci. Idan buƙatarku ta Accra ce, ta bakinsu za ta fi saurin isa.

Kuɗin da za ku kashe a wannan zagaye ba shi da yawa: buga takarda da kwafi, kuɗin pragya ko trotro zuwa ofis sau da yawa, katin waya, ruwan sha ranar taro. Mafi tsada shi ne cinikin da wakilanku za su rasa ranar da suka bar tukunya. Ku yi karo-karo kamar na adashi, a biya wanda ya je aƙalla kuɗin yarinyar da ta tsare masa wuri. In ba haka ba, zuwa na uku ba za ku sami mai zuwa ba.

Hattara: a rubuta kowane sidi da ya shiga da wanda ya fita, a karanta a kowane taro. Idan ta momo (kuɗin waya) ake tarawa, a riƙa nuna saƙon kowa ya gani.

5. Ku tara hujja

Jami'i yana jin "muna shan wahala" sau hamsin a yini. Abin da ba ya yawan gani shi ne littafi. Ku sayi littafin makaranta guda-guda, mutum biyar zuwa goma su riƙa rubuta abin da suka kashe kullum na wata ɗaya: buhun shinkafa, olonkar wake, galan ɗin mai, albasa, tumatir, gawayi ko gas, ruwa, ladan masu taya aiki, tikiti, sannan cinikin ranar. A haɗa da rasit ɗin lasisi na bara da na bana a jera su gefe da gefe. Idan maganar shara ce ko ruwa kwance, a ɗauki hoto da waya a ranaku daban-daban, a rubuta kwanan wata a bayan kowane.

Sannan ku nemi takardar hukuma kanta. Kowace asambuli tana da jadawalin kuɗaɗen da ta amince a karɓa a shekara, wanda ma'aikata ke kira fi-fiksin, kuma ana buga shi a gazet, jaridar gwamnati. Ku je ofishin kasafi ku nemi kwafin shafin da ya shafi masu abinci. Wani lokaci a nan maganar ke ƙarewa, domin sai a ga abin da ake karɓa a bakin rumfa ya ɗara abin da ke rubuce. Idan aka yi ta ce muku "ku dawo gobe", ku rubuta buƙata a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2019, mai lamba 989. Jami'in bayanai yana da kwana 14 ya ba da amsa. Ana iya cajin ku kuɗin kwafi.

Hattara: kada ku ƙara gishiri a lissafi. Lamba ɗaya da aka kama ta ƙarya ta zubar da sauran duka. Kuma kada ku ɗauki hoton fuskar ma'aikaci ku watsa.

6. Ku san lokaci

Ana shirya kuɗaɗen shekara mai zuwa ne a rabin shekara na biyu. Asambuli takan kira masu sana'o'i taron jin ra'ayi, daga nan kwamitin kuɗi da gudanarwa ya duba, kwamitin zartarwa ya wuce da shi, babban zama ya amince. Wanda ya tashi da fushi a Janairu, ranar da aka miƙo masa sabon bil, ihu yake bayan hari. Tun Yuni ku rubuta wa kodinetin darakta, shugaban ma'aikatan asambuli, cewa ga ƙungiyarku, ga lambar wayarku, a sa ku cikin waɗanda za a gayyata. Sau da yawa ba mugunta ce ta hana a kira masu abinci ba, sunansu ne babu a jerin.

Na ƙasa ma yana da kalandarsa. Ministan kuɗi kan gabatar da kasafi zuwa 15 ga Nuwamba, da bitar tsakiyar shekara zuwa ƙarshen Yuli, kuma ma'aikatar takan nemi shawarwarin jama'a kafin kasafin. PURC takan yi zaman jin ra'ayi kafin babban sauyin farashi. Ƙa'idar da minista ya ajiye a majalisa tana zama doka bayan kwanakin zama 21 idan ba a soke ta ba, don haka wanda ke da magana ya yi ta kafin a ajiye.

Ga wata magana da ya kamata ku sa wa ido. A Yunin 2025 Shugaba Mahama ya bayyana aniyar hana ƙera da shigo da farar robar tekawe. Masu waakye da ke naɗewa a ganye ba su da asara sosai, amma mai tuwo da miyar ayoyo fa? Tambayar da za ku kai ita ce me zai maye gurbin robar, nawa ne kuɗinsa, kuma wata nawa za a ba mutane su sauya. Cewa "ba mu yarda ba" kawai ba zai kai ko'ina ba, tunda kowa na ganin abin da robar ke yi wa kwatocin Aboabo idan an yi ruwa.

7. Ku rubuta takardar

Shafi ɗaya. Ku tsara ta da Hausa a taro kowa ya yarda, sannan a juya ta Turanci. Ta ƙunshi su wane ne ku da yawanku, abin da ke faruwa, hujja biyu ko uku, abin da kuke nema a jimla ɗaya, da ranar da kuke roƙon a gana da ku. Jimlar buƙata ta zama kamar haka: "Muna roƙon a kasa kuɗin lasisin masu abinci kashi uku bisa yawan kujeru, daga shekara mai zuwa, kuma a ba mu damar biya sau biyu." Ku kawo abin da ku ma za ku yi, misali tara membobi su biya a rana ɗaya ko fitowa sharar unguwa duk wata. Asambuli kuɗin shiga take nema, idan ta ga hanyarku za ta ƙara yawan masu biya sai kunnenta ya buɗe.

A rubuta ta zuwa ga MCE, wato shugaban ƙaramar hukumar, a ba da kwafi ga shugaban zaman asambuli, asambuliman, da shugaban sashen da abin ya shafa. A baya a liƙa sunaye, unguwa da sa hannu ko dangwalen yatsa. Ku kai ofishin karɓar wasiƙu, ku tsaya a buga wa kwafinku hatimi da kwanan wata. Ba a biyan kuɗi don miƙa koke.

Hattara: takardar da aka miƙa wa babba a wurin suna ko jana'iza, ya ce "ba komai, zan duba", a aljihun mota take kwana.

8. Ku bi ta manya, ku shirya ranar ganawa

Kafin ku je ofis, ku gaida Sarkin Zango ko sarkin ƙabilar unguwarku, da magajiya, da liman. Ba izini kuke nema ba, sanarwa ce, kuma wanda aka tsallake shi ne ke fara cewa yara sun yi rashin kunya. Magana gajeriya ta isa: "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne masu abinci. Za mu kai kuka asambuli kan kuɗin lasisi, muka ce ba za mu wuce ba ka sani ba. In da hali a haɗa mu da wakili." Dattijo ɗaya a cikin tawaga yana sauya irin kujerar da za a ba ku.

Ku je mutum huɗu ko biyar, mutum biyu su yi magana. Hajiyar da ta fi kowa daɗewa a sana'a ta buɗe da abin da ke cikin littafinta, da Hausa ko Twi in ta fi sakewa, magatakarda ya fassara ya kuma rubuta duk abin da aka ce. Kada a tashi sai an sami amsar tambaya uku: wa zai ɗauki maganar, wane kwamiti za ta je, wace rana za mu dawo. Asambuliman kuwa ku ce masa kai tsaye: "Honarabul, muna so ka tayar da ita a kwamiti, kuma za mu zo mu zauna ranar babban zama." Jama'a na iya halartar zaman su saurara.

Hattara biyu. Kada ku tafi da kular abinci ko ambulan. Abincin da kuka saba bayarwa don mutunci, a ofis sunansa daban, kuma zai iya zama abin da za a riƙe ku da shi. Na biyu, kada kowa ya sa riga ko gyale mai launin jam'iyya. Zaɓen asambuli a tsarin mulki ba na jam'iyya ba ne, MCE kuma shugaban ƙasa ke naɗa shi, yana tafiya idan gwamnati ta sauya. Ƙungiyar da aka yi wa tambarin NDC ko NPP shekara huɗu take ci, ta yi huɗu a waje.

9. Rediyo da titi

Idan ranar da aka ba ku ta wuce shiru, ku tunatar a rubuce sau ɗaya. In an sake shiru, sai rediyo. Zuria FM na magana da Hausa kuma ana jin ta a zangunan Kumasi, tashoshin Twi kuma su ke isa kunnen ma'aikata. Ku tafi da kwafin mai hatimi, ku faɗi ranar da kuka kai da abin da kuka nema, ba tare da kiran sunan wani da ɓarawo ba. Shirin safe na tattaunawa wani lokaci kyauta ne idan maganar ta ja hankalin mai gabatarwa, sanarwa kuwa biya ake yi.

Zanga-zanga ita ce ta ƙarshe, kuma a ganina da wuya masu abinci su buƙace ta a matakin asambuli. In ta kama, Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1994, mai lamba 491, ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin ranar. Yajin dafuwa kuma ku yi lissafinsa da kyau, domin ɗan makaranta da mai tura baro ne za su kwana da yunwa, ba MCE ba.

10. Bibiya

Alkawarin baki ba ya shiga gazet. Bayan ganawa, cikin kwana biyu, magatakarda ya rubuta wasiƙar godiya da ke maimaita abin da aka amince da ranar da aka tsayar, a buga mata hatimi ita ma. A ajiye komai a fayil ɗaya a hannun magatakarda, a ɗauki hoton kowace takarda a tura wa mutum uku. Idan sabon jadawalin kuɗaɗe ya fito, ku nemi kwafi ku duba da idonku ko abin da aka ce ya shiga, ku buga shafin ku raba wa membobi su liƙa a rumfa, don mai karɓar kuɗi ya san an san adadin.

Idan matsalar ta halin wani ma'aikaci ce, kamar karɓar kuɗi ba rasit ko kwashe tukwane ba bisa ƙa'ida ba, wannan ba ta bi ta kwamitin kuɗi. Kowace asambuli tana da kwamitin hulɗa da jama'a da sauraron koke, shugaban zama ne ke jagorantarsa, can za ku kai da rana, wuri da shaidu. In ba a yi komai ba, sai ofishin CHRAJ, wanda ke karɓar ƙorafi kan ma'aikatan gwamnati kyauta.